Wace Allura Aka Yi, a Ina, Kuma Yaushe? Tambayoyin da Ke Rasa Amsa a Bakin Iyakar Kongolam

Titin da ya taso daga Kano ya ratsa Kazaure da Daura, a Kongolam yake sallama da Najeriya. Daga nan sai Ɗan Barto, sai Matamaye, sai Damagaram. Garin Kongolam yana cikin ƙaramar hukumar Mai'aduwa, ɗaya daga cikin biyar ɗin masarautar Daura, tare da Daura, Baure, Zango da Sandamu. A wurin jami'an kwastan da na shige da fice, nan ƙasa ta ƙare. A wurin mutanen yankin kuwa babu abin da ya ƙare: dangi ɗaya ne, kasuwa ɗaya, auratayya ba ta tsaya ba. Mace ta fara awon ciki a wannan gefe, ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a wancan, ta haihu a can, ta dawo da jariri bayan arba'in.

Annoba ma wannan hanyar take bi. Sanƙarau ɗin da ya ɓarke a jihar Damagaram a ƙarshen 2022 bai daɗe ba aka ji shi a Jigawa. Mashaƙon da ya addabi Kano da Katsina a 2023, a shekarar nan ya yi ɓarna a Matamaye. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Abin da ba ya bin mutum idan ya tsallaka shi ne babban littafin rajistar asibiti. Shi yana nan a kan teburin da aka rubuta shi. Uwa ta shigo da yaro jikinsa zafi rau, ma'aikacin lafiya ya ce, "Hajiya, an ba shi wani abu kafin ku zo?" Amsar da aka fi ji ita ce, "An yi masa allura biyu jiya." Wace iri? Ta zazzaɓi. A ina? A kyamis. Sunanta fa? Shiru. Ba laifin uwar ba ne, don ba wanda ya gaya mata, ba kuma wanda ya rubuta mata. Amma daga wannan shirun ma'aikacin zai yanke shawarar abin da zai ƙara wa yaron a jiki.

Tsakanin kitse da nama

Jikin mutum hawa-hawa ne. Fata a sama, ƙarƙashinta shimfiɗar kitse, ƙarƙashin kitsen tsoka. Allurar ƙarƙashin fata a cikin kitsen nan take tsayawa. Ta tsoka kuwa sai ta ratsa shi ta nutse cikin nama. Tazarar ba ta da yawa, a jikin siririn mutum ba ta kai kaurin yatsa ba, amma aikin magani a kanta ya rataya. Tsoka cike take da ƙananan hanyoyin jini, abin da aka zuba mata nan da nan take shanyewa, kamar jigawar ƙasar Daura da ruwan farkon damina. Kitse hanyoyin jininsa kaɗan ne, sai ya riƙe magani yana sakinsa sannu a hankali.

Shi ya sa kayan aikin ma suka bambanta. Tsinin allurar tsoka ga baligi yakan kai milimita 25 zuwa 38, kuma a miƙe ake soka shi. Na ƙarƙashin fata gajere ne siriri, bai cika wuce milimita 16 ba. Ana tsinko fatar da yatsa biyu a ɗaga ta, sannan a shigar da tsinin a karkace, ko a miƙe idan gajere ne ƙwarai. Tsoka tana ɗaukar ruwan magani mai ɗan yawa, kitse kuwa da ya wuce mililita ɗaya da ɗan wani abu sai zafi da kumburi. Ta tsoka ana yin ta a dantse kusa da kafaɗa, ko gefen cinya ta waje, ko saman mazaunai ta gefe. Ta fata ana yin ta a ciki nesa da cibiya, ko gaban cinya, ko bayan dantse. Akwai wasu hanyoyin biyu da mai karatu ya sani, wato ta jijiya da ake ƙarin ruwa da ita, da ta cikin fatar kanta wadda ake yi wa jariri don tarin fuka, amma ta tsoka da ta ƙarƙashin fata ne aka fi rikitawa.

Ba son ran ma'aikaci ke zaɓar hanya ba. Wanda jikinsa ya ƙi wani magani har numfashinsa ya fara sarƙewa, adirenalin a tsokar cinya ake ba shi, saboda minti ɗaya ma tsada gare shi. Insulin kuma a kitse ake son ta, don ta riƙa fita daidai da buƙatar jiki. Magungunan tsinka jini irin su heparin ba a yin su a tsoka sam, don jini zai taru a wurin. Allurar kashe zafi irin diclofenac, da kwinin, idan suka maƙale a kitse ba su kai nama ba, su ne ke zama ƙurjin nan mai ruwa da sai an tsaga. Riga-kafin ciwon hanta da na cizon mahaukacin kare kuma, idan aka yi su a mazaunai inda kitse ya yi kauri, ƙarfinsu raguwa yake yi. Mutum ya sha zafi, ya biya kuɗi, kariyar ba ta cika ba.

Yadda muka kamu da son allura

Allura mai rami haɗe da sirinji ta fito ne a 1853, a hannun wani likitan Edinbara mai suna Alexander Wood da kuma Charles Pravaz na Faransa. Sunanta a ƙasashenmu kuwa ya yi tashe ne a shekarun 1950, lokacin da fenisilin ya zo: gyambon da aka daɗe ana fama da shi, allura ɗaya a mazaunai, cikin kwanaki ya kama bushewa. Sai kuma yaƙin kawar da agana da aka fara a Afirka ta Yamma a 1967, wanda dattawanmu har yau suke ɗauke da lambarsa a dantse. Wanda ya ga wannan da idonsa ba za ka iya gaya masa ƙwaya ta kai allura ba, kuma haka ya koya wa 'ya'yansa.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana yin allura kimanin biliyan 16 a shekara a faɗin duniya, kusan kashi 90 cikin 100 don magani, riga-kafi bai wuce kashi 5 ba, kuma da yawa daga cikin na maganin ƙwaya za ta iya maye gurbinsu. Ta ƙiyasta cewa a 2010 kaɗai allura marar tsabta ta harbi mutane har miliyan 1.7 da ciwon hanta nau'in B.

A ƙauyukanmu akwai wata ɓarnar da ba a cika kiran ta da sunanta ba. Wata babbar jijiyar laka ta taso daga ƙugu, ta ratsa mazaunai, ta gangara har tafin ƙafa. Mazaunan ƙaramin yaro ba su da faɗi, balle wanda tamowa ta rame shi, ga shi yana wutsil-wutsil an danne shi a cinyar uwarsa. Tsini ya ɗan kauce, ya taɓa jijiyar ko ya zuba maganin a kanta. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya sauka, amma yaron da ke gudu a tsakar gida yanzu jan ƙafa ɗaya yake yi, tafin ya saki. Sai a ce shan inna, ko a ce iska ce. Tun watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, amma har yanzu duk yaron da ƙafarsa ta saki farat ɗaya sai an bincika, kuma daga cikin abin da likita zai so ya sani akwai ko an yi masa allura, a wace ƙafa, kuma yaushe. Wannan haɗarin ne ya sa ƙa'ida ta ce jariri da ƙaramin yaro a cinya ake yi musu, ba a mazaunai ba.

Hatta allurar zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, artesunate, idan ba a samu jijiya ba a gaban cinya ake yin ta. Kuma tana da lissafi: ta farko, ta biyu bayan awa 12, ta uku bayan awa 24 daga ta farko, sannan idan yaro ya iya haɗiya a ɗora shi a kan ƙwayoyi na kwana uku. Idan an yi masa ta farko a ƙauye da la'asar aka kawo shi Daura da asuba ba takarda, wanda ya karɓe shi bai san ko a ta biyu ake ba, ko ma wani maganin daban aka ba shi.

Lasisin mai ƙaramin kantin magani na sayar da magungunan da ba su buƙatar takardar likita ne, ba na buɗe ɗakin allura ba. Kowa ya san ba haka abin yake a aikace ba, kuma wanda yaronsa ya suma ƙarfe biyun dare a ƙauyen da ba ma'aikaci ba zai tsaya karanta doka ba. Ba na ganin zagin masu kyamis zai gyara komai. Amma wanda ya iya zuƙo magani a sirinji ya iya yaga bayan kwali ya rubuta sunan maganin da yawansa da lokacin da ya yi. Wanda ya ƙi rubutawa, ya san abin da yake ɓoyewa.

Katin yaro

Ranar riga-kafi a ƙaramin asibiti, kalli yadda ake yi wa ɗan wata tara. Uwa ta zauna a benci, ta zame masa riga, ta rungume shi ta maƙale ƙafafunsa tsakanin nata. Ma'aikaciya ta tsinko fatar dantsen hagu ta shigar da ɗan siririn tsini a karkace, wannan ta ƙyanda ce. Ta juya shi, ta yi haka a dantsen dama, ta shawara. Sannan ta buɗe cinya ta soka a miƙe, ta sanƙarau. Allura uku cikin minti biyu, biyu a ƙarƙashin fata, ɗaya a tsoka. An ware wa kowace wurinta ne da gangan, don idan wani wuri ya kumbura a san wacce ce, kuma idan kati ya ɓata a tambayi uwa, "Iya, an taɓa yi masa a hannu, ko duk a cinya ne?" Daga amsarta a kan gane inda aka tsaya.

Kafin wata taran nan an riga an yi masa ta tarin fuka da ta ciwon hanta ranar haihuwa, sannan a mako 6 da 10 da 14 an yi masa mai haɗin cuta biyar, wadda mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙe-haƙora ke ciki, da ta ciwon huhu, duk a cinya. A wata 15 zai dawo a maimaita ta ƙyanda. A cikin waɗannan duka, ta tarin fuka ce kawai ke barin tabo a jiki. Sauran, in babu kati babu shaida.

Iyaye da yawa suna zaton idan an tsallake rana to an yi asara, sai an sake daga farko, don haka kunya ko gajiya ta hana su komawa. Ba haka ba ne. Yaron da aka yi wa ta mako 6 a Kongolam, aka tafi da shi Matamaye ya yi wata huɗu, daga ta biyu za a ci gaba masa, muddin akwai abin da zai nuna an yi ta farkon. Haka masu ciki da allurar sarƙe-haƙora. Guda biyar ce: ta biyu mako 4 bayan ta farko, ta uku bayan wata 6, ta huɗu da ta biyar shekara-shekara. Wadda ta cika biyar ta samu kariya tsawon shekarun haihuwarta. Amma da yake katin awo yakan ɓata da zarar an sauka lafiya, sai ka tarar da mai haihuwa shida ana maimaita mata ta ɗaya da ta biyu kowane ciki.

Wata biyu ko wata uku?

Inda bambancin fata da tsoka ya fi shiga ɗakunan mata a yau shi ne allurar tazarar haihuwa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 12 cikin 100 na matan aure a Najeriya ke amfani da hanyoyin zamani, kuma allura tana sahun gaba tare da ashanar da ake sawa a dantse. Iri uku ake samu. Akwai Depo-Provera, miligiram 150, a tsoka, kowane mako 13. Akwai Noristerat, mai kauri kamar mai, miligiram 200, ita ma a tsoka amma kowane mako 8. Sai Sayana Press, sinadari ɗaya da Depo amma miligiram 104, a ƙarƙashin fata, kowane mako 13.

Ta ukun ce sabuwa, kuma maƙwabtanmu sun riga mu ganin ta. Nijar tana cikin ƙasashe huɗu da aka fara raba ta daga 2014, tare da Burkina Faso da Senegal da Uganda, kuma a ƙananan gidajen likita na karkara, har da na jihar Damagaram, aka gwada ta. Najeriya ta biyo baya, har a 2019 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da ƙa'idojin da suka ba mace damar yi wa kanta a gida bayan an koya mata. Kamfanin Pfizer ke yin ta, sunan da ba baƙo ba ne a kunnen Arewa tun gwajin Trovan na Kano a 1996, kuma mai tambaya yana da hujjar tambaya. Sai dai sinadarin da ke cikinta ba sabo ba ne, tun shekarun 1960 ake amfani da shi. Abin da ya canza shi ne mazubi da zurfi.

Mazubin ɗan kumburin roba ne, bai kai kan babban yatsa ba, da tsini mai tsawon kusan santimita ɗaya a jikinsa. Ba kwalba, ba zuƙowa, ba aunawa. Mace ta wanke hannu, ta duba ranar lalacewa a jikin leda, ta girgiza shi da ƙarfi na daƙiƙa 30 har ruwan ya haɗe ya yi fari. Ta danna murfin tsinin ya haɗe da wuyan mazubin, in ba haka ba maganin ba zai fito ba. Ta cire murfi, ta tsinko fatar cikinta ko gaban cinya, ta shigar da tsinin gaba ɗaya, ta matse kumburin a hankali tana ƙirga biyar zuwa bakwai. Ta zare. Ba a murza wurin. Wanda aka yi amfani da shi a jefa a gwangwani ko gora mai murfi inda yara ba su kaiwa, a mayar wa asibiti.

Ga matar da asibiti ya yi mata nisa, ko fita sai da dogon bayani, ko wadda danginta ke wancan gefen, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. An rufe iyakokin Najeriya na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Jiki kuwa bai san an rufe iyaka ba, mako 13 yake ƙirgawa. Wani bincike da aka yi a Malawi, aka buga a 2018, ya samu kashi 73 cikin 100 na masu yi wa kansu suna nan a kan tsarin bayan shekara guda, na masu zuwa asibiti kuwa kashi 45.

Illolin kusan iri ɗaya ne da na Depo: jinin al'ada ya rikice ko ya ɗauke, wasu su ƙara jiki, kuma bayan an daina samun ciki kan ɗauki watanni. Ta fata takan bar ɗan lotsawa a inda aka yi, shi ya sa ake canza wuri. Mai yin Depo za ta iya komawa Sayana ranar da lokacinta ya yi, haka ma akasin haka. Abin da ba a yi shi ne a zuƙo ta kwalba a yi ta a fata, ko a nemi tura ta fata cikin nama.

Babban tarkon yana tsakanin Noristerat ta wata biyu da Depo ta wata uku, don dukkansu a tsoka ake yi, dukkansu "allurar tazara" ake ce musu. Mai Depo ko Sayana tana da rangwamen mako 4 idan ta makara. Mai Noristerat rangwamenta mako 2 ne kacal. To a ce mace ta saba da ta wata uku, ranar da ta je ta ƙare, aka yi mata ta wata biyu ba a yi mata bayani ba, ko aka yi a cikin hayaniyar layi ba ta ji ba. Mako 8 da rangwamen 2 sun zama 10. Ita kuma sai mako 13 za ta dawo. Mako uku ke nan tana zaune ba kariya, kuma idan ciki ya shiga, allurar za a zarga, maƙwabta biyar su fasa zuwa.

Lissafin ranar dawowa ba sai da kalandar bango ba. Kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi take ci, don haka mako 13 kasuwa 13 ne, ana iya ƙulla su a zare ko a ja su a bayan ƙofa. Mai lissafi da watan Musulunci kuma ba ta yi kuskure ba. Wata uku na sama kwana 88 ne ko 89, mako 13 kuwa kwana 91, ke nan wadda aka yi wa ranar 10 ga Rajab ta koma 10 ga Shawwal ta riga lokaci da kwana biyu ko uku, kuma an yarda a yi ta har mako 2 kafin lokaci. Wata biyu kwana 59 ne, ya ɗara mako 8 da kwana uku, yana cikin rangwame. Ma'aikaciyar da ta rubuta ranar Bature a kati, sannan ta ce, "Yaya, goma ga watan ƙaramar Sallah ke nan," ta yi aiki biyu.

Masu allurar kullum

Mai ciwon sukari da ke kan insulin shi ne ya fi kowa sanin fatar cikinsa, don sau biyu ko fiye yake soka ta a rana. Matsalarsa ta farko zurfi ce. Siririn dattijo ko yaro, kitsen cinyarsa bai taka kara ya karya ba, dogon tsini sai ya zarce cikin nama, insulin ta fita da gudu, sukari ya faɗi, sai gumi da makyarkyata, wani har suma. Shi ya sa aka fi son gajeren tsini, na biron insulin har mai milimita 4 akwai. Ta biyu ita ce nacewa wuri ɗaya. Wurin da aka saba ba ya zafi, sai mutum ya liƙe masa, kitsen wurin ya taurare ya yi kulu. Insulin da aka zuba a kulun nan ba ta fita yadda ya kamata, sukari ya ƙi sauka, a ƙara yawan magani, ranar da aka koma lafiyayyar fata da wannan ƙarin kuma sai a faɗi. Maganin abin shi ne a riƙa matsawa faɗin yatsa daga inda aka yi jiya, a kuma raba ciki gida huɗu, kowane gida mako guda.

Akwai kuma abin dubawa ga mai sayen magani yau a Daura, gobe a Damagaram. Insulin tana zuwa da ƙarfi iri biyu, mai lamba 40 da mai lamba 100, kowace da sirinjinta. Wanda ya zuƙi mai 100 da sirinjin 40 ya ba kansa ninki biyu da rabi na abin da likita ya ce. Lambar kwalba da ta sirinji dole su zo ɗaya. Wajen rubutu kuwa, littafin makaranta mai shafi ashirin ya isa: rana, lokaci, yawan da aka yi, wurin da aka yi, abin da na'urar gwaji ta nuna. Batun azumi kuwa, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya a zamanta na Jidda a 1997 ta ce allurar magani ta fata ko ta tsoka ba ta karya azumi, ban da mai ciyarwa. Amma canza lokacin insulin a Ramadan sai da likita.

Wani wurin kuma lissafin na awa ne, kuma rai ne a kai. Mai ciki ta kamu da jijjiga, maganinta magnesium sulfate. A tsarin da aka fi bi a asibitocinmu, ana fara mata da giram 4 ta jijiya da giram 5 a kowane gefen mazaunai, sannan giram 5 duk bayan awa 4, ana sauya gefe. Lokacin da aka shigar da maganin cikin manyan asibitoci goma na jihar Kano a 2008, mutuwar masu wannan cuta ta sauko daga kusan kashi 21 cikin 100 zuwa kashi 2 da ɗoriya. Idan unguwarzoma a ƙaramin asibiti ta yi na farko ta ɗora mace a mota zuwa Babban Asibitin Daura, abin da ta rubuta a takardar turawa shi ne zai hana a maimaita mata na farkon ko a bar ta ta wuce lokaci. Maganin idan ya yi yawa numfashi yake dannewa, idan ya yi kaɗan jijjigar ta dawo.

Abin mamaki, a kara ta Mai'aduwa ba a wasa da wannan ilimi na zurfin allura da lokacinta. Makiyayi ya san ivermectin a ƙarƙashin fatar wuya ake yi wa sa, mililita ɗaya ga kilo 50, ya san oxytetracycline mai dogon aiki sai an nutsa ta cikin nama, kuma zai gaya maka kasuwa nawa ke nan da ya yi. Shi da kansa idan ya je kyamis, miƙa hannu kawai yake yi.

Katin Najeriya da Turanci aka buga shi, na Nijar da Faransanci, masu riƙe da su kuwa daga Daura har Damagaram Hausa suke ji. Jadawalin ƙasashen biyu ya yi kama amma bai zo daidai wa daida ba, kuma ma'aikacin da aka miƙa wa katin ƙetare sau da yawa lalube yake yi. Hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jihar Katsina da takwarorinta na jihar Damagaram sun saba haɗa kai lokacin zagayen ɗigon shan inna a bakin iyaka. Ƙara layin Hausa a ƙarƙashin kowane layi na katin yara da na mata, da ɗan zanen jiki da za a yi wa alama inda aka soka, bai kai wancan aikin wahala ba. Makarantar koyon aikin lafiya da ke Daura ma tana iya sa wa ɗalibanta wannan a jini tun kafin su fita: ba a zare tsini a sallami mutum sai an rubuta.

Kafin hukuma ta motsa, mai karatu, abin da ke hannunka ke nan. Duk wanda zai yi maka allura, ko matarka, ko ɗanka, a asibiti ne ko a kyamis, a wannan gefen ko a wancan, ka nemi ya rubuta maka sunan maganin da yawansa, a fata ne ko a tsoka kuma a wane gefe, rana da lokaci, da ranar dawowa. Ka sa takardar a leda, ka ɗauki hotonta a waya. Idan ƙaramin yaro ne kuma ka ga an nufi mazaunansa, ka ce a yi masa a cinya.